Aziz Sancar da gyaran DNA: da me ake auna tasirin mai bincike?

Ɗalibar_Kawo:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Sati biyu ke nan ina karanta tarihin wani masani mai suna Aziz Sancar, don shi aka ba ni in gabatar a semina, kuma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Mutumin nan ɗan Turkiyya ne, an haife shi a 1946 a wani ƙaramin gari, Savur, cikin lardin Mardin. Shi ne na bakwai cikin 'ya'ya takwas, iyayensa ba su iya karatu da rubutu ba. Ya gama likitanci a Jami'ar Istanbul a 1969, ya koma yankinsu ya duba marasa lafiya wajen shekara biyu, daga baya ya tafi Amurka ya shiga binciken DNA. A 2015 aka ba shi kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai tare da Tomas Lindahl da Paul Modrich, saboda gano yadda jiki ke gyara DNA idan ya lalace.

Abin da ya dame ni shi ne wannan. Enzayim guda ɗaya (sinadarin da ke gudanar da wani aiki a jikin halitta) mai suna fotolayes, wanda ke gyara ɓarnar da hasken rana ke yi wa DNA, ya fara aiki a kansa tun yana digirin digirgir a Dallas a shekarun 1970, kuma ya fi shekara talatin bai sake shi ba. Mu kuwa kullum abin da muke ji shi ne a fitar da takarda, ko ta mece ce, adadi ake lissafawa. To tasirin mai bincike da me ake auna shi? Yawan maƙalu ne, ko yawan waɗanda suka kafa hujja da aikinsa, ko wani abu daban? Ni dai a ganina naci a kan tambaya guda ne ya kai shi inda ya kai, kuma shi ne abin da muka rasa.

Telan_Kasuwar_Barci:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kafin a yi nisa a taimaka wa irinmu. DNA ɗin da na sani shi ne wanda ake gwaji a gane uban yaro. Ashe lalacewa yake yi? Wa ke gyara shi?

Malam_Kimiyya_TW:
Maigida tela, ai kai ka fi kowa dacewa da wannan bayani. Ka ɗauki DNA kamar zare biyu da aka tufke tare, kowane da jerin haruffa huɗu, A da T da G da C. Harafin A kullum T yake fuskanta, G kuma C. Saboda haka in ka san abin da ke zare ɗaya ka san na ɗayan. Harufan sun kai biyu-biyu wajen biliyan 3, an naɗe su cikin kusan kowane tantanin jikinka, wato ƙananan ƙwayoyin da aka gina jiki da su.

Hasken rana yana da wani ɓangare da ido ba ya gani, ultrabayolet. In ya bugi DNA inda T biyu ke maƙwabtaka, sai ya manne su wuri guda, zaren ya tattare kamar yadda ɗinki ke tattarewa in keke ya ci yadi. Me kake yi a shago? Ka farke wajen, ka sake bi. Haka jiki yake yi. Sancar da Dean Rupp sun nuna a 1983 cewa a cikin bakteriya E. coli wasu furotin uku suna gano wurin, su yanka zaren ta gaba da ta baya, a cire guntu mai haruffa 12 zuwa 13. Sai wani enzayim ya dubi lafiyayyen zaren ya cike giɓin, wani kuma ya ɗinke bakin. A 1992 ɗakin gwajinsa ya nuna cewa a jikin mutum guntun da ake cirewa ya fi tsawo, wajen haruffa 27 zuwa 29.

Telan_Kasuwar_Barci:
Ikon Allah. Wato yanzu haka da nake zaune ana wannan farka da ɗinki a fatata. Na gode Malam, na fahimta sarai.

Tsohon_Lakcara:
'Yata ta Kawo, tambayarki mai kyau ce, amma ban yarda da rabin maganarki ba. Kin ce naci muka rasa. Na yi shekara ashirin da takwas ina koyarwa, na ga masu nacin da ko Sancar zai jinjina musu. Akwai wani ɗalibina da ya yi wata bakwai yana tara jinin shanu daga rugage, yana hawa babur tun asuba, yana dawowa da kula cike da ƙanƙara. Muka jera kwalabe a firiza, kowace da lambarta da ya rubuta da hannunsa. Aka ɗauke wuta ranar Alhamis, janareta ba mai, ba mu sani ba sai Litinin. Da na buɗe firizar ruwa ne ya zubo mini a takalmi, takardun da ya manna sun jiƙe sun saɓule suna yawo a ƙasan akwatin. Yaron nan bai ce komai ba, ya tsuguna yana tsince su ɗaya bayan ɗaya. Wannan ba rashin naci ba ne. Mutum ba ya riƙe tambaya guda shekara talatin sai in yana da inda zai ajiye samfurinsa ya kwana lafiya.

Ɗalibar_Kawo:
Baba, Allah ya huci zuciyarka, ban yi nufin raina ƙoƙarin kowa ba. Amma shi ma Sancar ba a kan shimfiɗa ya same ta ba. Bayan ya gama digirinsa a 1977 wurin Claud Rupert, ya nemi gurbin ci gaba da bincike wuri uku, duka aka ƙi shi. Sai ya karɓi aikin ma'aikacin ɗakin gwaji a Jami'ar Yale, matsayin da ya gaza nasa, don kawai ya zauna kusa da masu binciken gyaran DNA. A can Yale ɗin ya yi aikin bakteriyar da Malam ya bayyana.

Tsohon_Lakcara:
Gaskiya ne, kuma na yaba da kika karanta har nan. Sai dai ma'aikacin ɗakin gwaji a Yale yana da wuta dare da rana da sinadaran da ya nema. A haɗa biyun a faɗa, kada a ɗauki ɗaya a bar ɗaya.

Abu_Hanifa_Rigasa:
Ni abin da ya faranta mini rai Musulmi ne. A riƙa nuna wa yaranmu irin waɗannan.

Injiniya_Kakuri:
A kan ainihin tambayar, ni ina tare da lissafi. In ba a ƙirga ba, son kai zai shigo. Shugaban sashe zai ce aikin yaronsa ne mai tasiri, na wanda ba ya shiri da shi kuma shirme. Adadin ambato, wato sau nawa wasu masu bincike suka kafa hujja da aikinka, ko ba komai bai san ɗan wane ba. Eugene Garfield ya fito da kundin ƙirga ambato tun 1964, Jorge Hirsch ya kawo ma'aunin h a 2005, wanda ke cewa in kana da maƙala 20 da kowace aka ambata aƙalla sau 20, to ma'auninka 20 ne. Shi kansa Sancar ai ta nan ma ya yi zarra. Bitar da ya rubuta da abokan aikinsa a 2004 kan gyaran DNA an ambace ta sau dubbai.

Malam_Kimiyya_TW:
Injiniya, bari in kawo maka abin da zai sa ka sake tunani. A 2014 mujallar Nature ta fitar da jerin maƙalu 100 da aka fi ambata a tarihi. Ta ɗaya ita ce ta Oliver Lowry ta 1951, hanyar auna yawan furotin a cikin ruwa, an ambace ta sama da sau 300,000. Duk wanda ya yi bayokemistiri a Zariya ko nan Kaduna ya yi wannan gwajin, ya ga ruwan ya koma shuɗi. Amma maƙalar Watson da Crick ta 1953, wadda ta bayyana siffar DNA, ba ta shiga ɗarin ba. Za ka ce Lowry ya fi su tasiri? Dalili shi ne abin da ya zama sanin kowa an daina ambatarsa. Ba wanda ke kafa hujja kafin ya ce DNA zare biyu ne. Hanyar gwaji kuwa duk wanda ya yi amfani da ita dole ya rubuta sunan mai ita.

Haka shi ma Sancar. Akwai wata dabara da ya ƙirƙiro a 1979 ta gano furotin da wata ƙwayar gado (wani sashe na DNA) ke samarwa a cikin bakteriya, ake ce mata maksisel. Ta samu ambato sosai a zamaninta don kowa na bukatarta. Amma ba don ita aka kira shi Stockholm karɓar Nobel ba.

Injiniya_Kakuri:
Na karɓi misalin. Amma ka ba ni abin da za a sa a madadinsa wanda ba za a murɗe shi ba.

Nas_Unguwar_Rimi:
Ku yi haƙuri zan ɗan karkata. Ni a asibiti nake aiki, kuma maganar rana da Malam ya yi ta tuna mini da zabiya da muke gani da gyambon fata a wuya da kunne da leɓe. Wato su nasu gyaran DNA ɗin ne ba ya aiki?

Maman_Ilham:
'Yar uwa nas, a'a, kuma ina so a gyara wannan don ɗana zabiya ne, na daɗe ina bin likitocin fata. Gyaran DNA ɗinsu lafiya lau yake. Abin da suka rasa shi ne melanin, sinadarin da ke ba fata duhu yana tare hasken. Ɓarnar ce take yi wa masu gyaran yawa, kamar rufin da ba silin. Wanda gyaransa ne ya lalace ciwo ne daban, zeroderma pigmentosum, shi kuma ba kasafai ake samunsa ba. Likitar ɗana ce ta bambance mini su.

Kullum da safe kafin ya tafi makaranta sai na shafa masa man kariya a bayan wuya da saman kunnuwa da bayan hannu, in sa masa malafa da riga mai dogon hannu ko da ana zafin Maris. Wani lokaci yana kuka don yara na tsokanarsa da malafar. Man nan ƙaramar roba kuɗinta ya fi na cefanen kwana biyu. In masu bincike na son tasiri, ga inda muke jiransu.

Nas_Unguwar_Rimi:
Na gode Maman Ilham, na ƙaru. Allah ya raya shi.

Malam_Kimiyya_TW:
Daidai ta faɗa. James Cleaver ne ya nuna a 1968 cewa masu zeroderma ba sa iya cire ɓarnar da ultrabayolet ya yi. Kun ga tun kafin Sancar akwai waɗanda suka share hanya. Albert Kelner ya lura a 1949 cewa ƙwayoyin da ultrabayolet ya kusa kashewa suna farfaɗowa in aka haska musu hasken da ido ke gani. Rupert, malamin Sancar, shi ya gano enzayim ne ke yin wannan, wato fotolayes. Sancar ya zo ya ware ƙwayar gadon da ke samar da shi, ya bi diddigin yadda yake kama shuɗin haske ya raba T biyun nan da suka manne. Malami ya miƙa wa ɗalibi tambaya, ɗalibi ya ƙarasa. Mu mutane ba mu da fotolayes, amma muna da danginsa, kiriftokurom, kuma a ƙarshen shekarun 1990 Sancar na cikin waɗanda suka nuna yana da hannu a agogon jiki, wanda ke tsara barci da farkawa.

Ɗan_Samaru:
Ana ta Turkiyya da Amurka, an manta da na gida. Marigayi Farfesa Andrew Jonathan Nok na Jami'ar Ahmadu Bello, ɗan jihar nan ne. Shi ma enzayim guda ya riƙe, siyalides, wanda ƙwayar cutar sammore ke amfani da shi ta ɓata jajayen ƙwayoyin jini, dabba ta rame jininta ya ƙare. Ya ci kyautar kimiyya ta kamfanin iskar gas na NLNG a 2009 a kan wannan aikin. Ya rasu a Nuwamban 2017 yana kwamishinan ilimi na jihar Kaduna. A Zariya ya yi aikinsa, da irin wutar da Baba lakcara yake magana, ya haɗa da zuwa ɗakunan gwaji na waje. In kana son ganin tasirinsa ka ƙirga ɗaliban da ya yaye da suke koyarwa yanzu a jami'o'i. Don haka Ɗalibar Kawo tana da gaskiya, ana iyawa. Kuma ga cibiyar binciken sammore nan cikin garin Kaduna, da yawanmu muna wucewa ta gabanta ba mu taɓa leƙawa ba.

Tsohon_Lakcara:
Allah ya sa ya huta. Ban musa ba, ɗana. Amma ka lura da abin da ka faɗa da bakinka, ya haɗa da ɗakunan gwaji na waje. Nawa ne cikin matasan malamai ke samun wannan ƙofar? Sauran an ce musu ba ƙarin girma sai da maƙala kaza. Mutum na da iyali, ya ga aikin kirki guda zai ci shekara biyar, sai ya yanka shi gida huɗu ya aika mujallun da ke karɓar kuɗi su buga cikin sati biyu. Na zauna a kwamitin tantancewa, na ga takarda guda an sauya mata suna da ganyen da aka gwada, yau zogale, gobe darbejiya, jibi kuka, sauran duk iri ɗaya. Ba na zagin yaran. Abin da aka auna shi suka kawo.

Injiniya_Kakuri:
To Baba ai ka dawo kan maganata. Wannan ƙirga maƙalu ne, ni ƙirga ambato na ce. Takardar zogale da darbejiyar nan ba wanda zai ambace ta.

Ɗan_Samaru:
Za a ambace ta mana. Abokai biyar su yi yarjejeniya, kowa ya riƙa ambatar kowa. An sha kama irin haka a ƙasashe da dama. Shi ya sa a 2012 wasu masana da editoci suka haɗu a San Francisco suka tsara sanarwar cewa a daina auna mutum da darajar mujallar da ya buga a ciki, a karanta aikin kansa.

Hajiya_Mai_Ƙuli:
Ni ba 'yar boko ba ce sosai, 'yata ce ta sa ni a zauren nan. Ina sana'ar gyaɗa, ƙuli da mai. An taɓa zuwa unguwarmu ana wayar mana da kai cewa gyaɗar da ta yi fumfuna tana kawo ciwon hanta. Yana da alaƙa da wannan abin da kuke faɗa?

Malam_Kimiyya_TW:
Hajiya, yana da ita ƙwarai. Fumfunar da ke kama gyaɗa da masara in ba su bushe da kyau ba tana fitar da guba mai suna afalatoksin. In ta shiga hanta, jiki ya sarrafa ta, sai ta manne wa harafin G a DNA. Irin gyaran nan na yanka da cirewa da Sancar ya bayyana shi ke ƙoƙarin ɓamɓare ta. In abin ya yi yawa wani ya kuɓuce, harafi ya sauya, daga nan kansar hanta, wato ciwon daji, ke iya farawa, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Suya ba ta kashe gubar gaba ɗaya. A busar sosai, kada a shanya a ƙasa tsirara, a tsince wadda ta yi baƙi ko ta motse ko take ɗaci a zubar.

Hajiya_Mai_Ƙuli:
Wadda muke tsincewa kaji muke ba wa. Ashe ita ma a daina?

Malam_Kimiyya_TW:
A daina, Hajiya. Tana cutar da kajin su ma.

Likita_Barnawa:
Na shigo a makare, na karanta tun daga sama. Ina so in ƙara wani abu kan tambayar farko ta fuskar asibiti. Akwai maganin ciwon kansa da muke yawan bayarwa, sisfilatin. Aikinsa shi ne ya lalata DNA na ƙwayar kansa har ta mutu. Matsalar ita ce ƙwayar kansar ma tana da masu gyaran nan, sai ta cire ɓarnar ta ci gaba da rayuwa. Fahimtar dalilin da magani ke daina aiki a jikin wani ta biyo ta kan aikin su Sancar. A 2015 ɗakin gwajinsa a garin Chapel Hill na Amurka, inda yake tun 1982, ya fitar da taswirar wuraren da ake gyara a ilahirin DNA na mutum. Sun kuma ga cewa a jikin ɓeraye ƙarfin gyaran yana hawa da sauka bisa lokacin yini, abin da ya sa ake tambayar ko akwai lokacin da ya fi dacewa a ba da magani. Wannan bai zama ƙa'idar asibiti ba tukuna, kada wani ya je ya sauya lokacin maganinsa.

Kuma kada a manta da sauran biyun. Lindahl ne ya fara nuna a farkon shekarun 1970 cewa DNA yana lalacewa da kansa ko ba rana ba guba, sau dubbai a kowane tantani kowace rana, har ya ce dole akwai mai gyara, ya nemo enzayim na farko a 1974. Modrich kuma ya bayyana yadda ake gyara kuskuren kwafi lokacin da tantani zai rabu biyu. Lalacewar wannan tsarin ke kawo wata kansar hanji da ake gado. Lokacin da suke aikin nan a kan bakteriya ba wanda zai iya nuna maka majinyaci guda da ya amfana. Maman Ilham ta ce ga inda take jiran masu bincike, kuma tana da haƙƙin faɗar haka. Sai dai wani amfanin yakan ɗauki shekara talatin kafin ya iso gadon asibiti.

Maman_Ilham:
Na ji, Likita. Allah ya sa jikokinmu su gani. Amma man shafawar nan ba ya bukatar shekara talatin, an riga an san shi. A samu masu harhaɗa magunguna na jami'o'inmu su yi mana mai sauƙin kuɗi.

Abu_Hanifa_Rigasa:
Na karanta cewa Sancar bai ajiye lambar zinaren Nobel ɗinsa a gidansa ba. Gaskiya ne?

Ɗalibar_Kawo:
Gaskiya ne, a 2016 ya miƙa ta ga gidan tarihin da ke kabarin Ataturk, shugaban Turkiyya na farko, a Ankara, don yana ganin ilimin da ƙasarsa ta ba shi ne ya kai shi can. Shi da matarsa Gwen, wadda ita ma farfesa ce a wannan fannin, sun buɗe gida a Chapel Hill don ɗalibai da masu bincike 'yan Turkiyya.

Baba lakcara, na sake tsara seminar tawa. Na cire shafin da na jera adadin ambatonsa a farko, na mayar da shi can baya. Zan fara da Kelner da Rupert, in biyo ta 1983 da 1992, in kawo Farfesa Nok. Amma har yanzu ban san me zan ce ba in wani malami ya yi mini tambayar Injiniya, wato me za a sa a madadin lissafi.

Tsohon_Lakcara:
Ki ce masa a wasu wurare ana cewa mai neman ƙarin girma ya zaɓo aikinsa biyar mafi kyau, a ba masana na waje da ba su san shi ba su karanta. Yana cin lokaci da kuɗi, kuma shi ma ana iya murɗe shi, ba zan ɓoye miki ba.

Injiniya_Kakuri:
To a haɗa da lissafin, Baba. Ni ban sauka daga kan wannan ba.

Telan_Kasuwar_Barci:
Malam, wata tambayar kuma. Yaran shagona masu guga a waje cikin rana tun safe, su da suke baƙaƙe, su ma sai sun sa malafar?

Maman_Ilham:
Su sa, maigida. Duhun fata yana ragewa ne, ba ya hanawa duka. In da hali ma ka ja musu rumfa.